Ƙofar da Ta Ƙi Shiga Akwati

Ga ta nan, ga ta nanku, ta yau mai nauyi ce.

Ta zo mu ji ta, mu kama mata.

An yi wata mace soja mai igiya uku a hannun riga, wato saja, wadda tun da ta shiga aikin ba ta taɓa harba bindiga ba sai a filin koyo. Can ɗin ma sai da mai koyarwa ya roƙe ta, don girman Allah, idan tana son ta sami gabas ta riƙa saita yamma. Amma kada ku yi mata dariya tukuna, aikinta ba na harbi ba ne. A ɗakin ajiyar tarihin sojoji take, wani dogon ɗaki a ƙarƙashin bene, mai sanyi kamar cikin randa, mai warin kwali da maganin ƙwari. Duk inda aka gwabza, idan ƙura ta lafa, ita ake turawa ta kwaso abin da aka rubuta: littafin da ake zuba labarin kowace rana, taswirori, hotuna, saƙonnin rediyo, da abin da ke cikin kwamfutoci. Ta kawo, ta kakkaɓe, ta ba kowanne lamba, ta buga hatimi, ta jera a akwatunan kwali masu ruwan toka, duka girmansu ɗaya.

Maganin Gara ake ce mata a bariki, kuma sunan yana da tushe. Mahaifinta soja ne. Ya tafi wani yaƙi tun tana goye a bayan Inna, mahaifiyarta, bai dawo ba. Da ta ɗan yi wayo, Inna ta kama hannunta suka je ofishin sojoji. Ba roƙon komai ya kai su ba, so suke kawai a gaya musu a ina ya faɗi, kuma yaya. Magatakarda ya shiga ciki ya daɗe, sannan ya fito da wani fayil a kan tafukan hannunsa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya buɗe, sai ƙasa ta zubo. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri, gara ta riga ku." Suka koma gida. Sai da Inna ta zare mayafi ta ce, "Sau biyu aka kashe ubanki. Na farkon dai ko ba komai mutane ne." Yarinyar ba ta manta ba. Da ta girma ta sa kaki, aka tambaye ta sashen da take so, ta ce inda takardu suke.

Shugabanta a wurin aiki wani tsohon manjo ne mai tabarau da igiya a wuya, mutumin kirki, sai dai yana da magana ɗaya da ya riƙe kamar wasiyya: "Abin da bai shiga akwati ba, ba tarihi ba ne, kaya ne." Kuma yana da hujjarsa. Da ya yi sake, da tuni an cika masa ɗaki da hulunan kwano da tsofaffin takalma da tayoyin mota, don kowane soja gani yake abin da ya tsira da shi ya isa a ajiye. Kantocin ɗakin ma daidai akwatin aka ƙera su, ko ɗan yatsa ba ya shiga tsakani.

To, ana nan ana nan, sai yaƙi ya tashi a can nesa. Wata ƙaramar runduna ta riƙe wata gada damina guda cur, ana yi musu ruwan wuta ta sama da ƙasa, su kuma suna tsare da hanya mutanen ƙauyuka na tsallakewa suna tsira da ransu. Da abin ya yi sauƙi, aka ce su janye, a rushe sansanin. Manjo ya kira Saja ya ce, "Gobe akwai mota. Ki je ki kwaso mana littattafansu kafin su watse. Ɗebi akwatuna."

Da safe tana haɗa jaka, Inna na zaune a bakin gado tana naɗe mata tawul.

"Sojojin duniya na tafiya da bindiga, tawa da hatimi da tawada," in ji Inna. "Idan abokan gaba suka taso miki sai ki buga musu a goshi."

"In ba su lamba in jera su a kanta, Inna."

Mijinta kafinta ne, ba mai yawan magana ba. Duk tafiyar da za ta yi sai ya zura mata sukudireba mai jan mariƙi a aljihun jaka. Ranar ma ya zo da ita, da garin katako a gashin hannunsa.

"Baban yara, wai ni me zan kwance a can?"

"Ina na sani? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Sansanin tsohon gidan injin ruwa ne a bakin kogi, an kewaye shi da buhunan yashi da suka fara tsiro ciyawa. Ta isa washegari da hantsi ta tarar ana ta kwashe kaya. An naɗe tantuna, an jera manyan motoci baki a hanya, kuma a tsakiyar fili an haƙa rami an hura wuta, duk abin da ba za a tafi da shi ba ana jefawa. Kyaftin ɗin rundunar matashi ne, amma furfura ta riga ta fito masa a gefen kunne, idanunsa ja kamar wanda ya manta yadda ake barci. Ya amsa gaisuwarta, ya ce ta biyo shi.

Wajen wani akwatin ƙarfe ya kai ta, ya buɗe da ƙafa.

"Ga littattafanmu, Saja."

Ta leƙa. Takardun sun manne sun zama curi ɗaya kamar bulo, sun yi baƙi da kore, tawada ta gudu. Ta sa farce a gefe, abin ya marmashe.

"Kogi ne ya shigo mana a farkon damina," in ji Kyaftin. "Kwamfuta ɗaya ta sha ruwa ta mutu. Ɗayar kuma, ranar da muka zaci za a ci mu, na sa aka goge ta, haka doka ta ce. Sababbin littattafai da muka nema ba su taɓa isowa ba, hanya ta yanke. Da la'asar za mu tashi. Ki yi haƙuri, kin sha hanya a banza."

Wannan "ki yi haƙuri" ita ta soke ta. Ta tsaya riƙe da akwatunan kwalinta babu komai a ciki, ta ji ta koma yarinyar nan da ke tsaye a gaban magatakarda. Mutanen nan sun yi damina guda a bakin mutuwa, wasu sun kwanta a nan, kuma gobe idan matar wani ta zo tambaya, abin da za a ce mata shi ne ruwa ya riga ta.

Amma tana da wata al'ada ta aiki. Ba ta barin wuri sai ta shiga kowane ɗaki ta rufe ƙofa ta duba bayanta, don ta san halin masu aikin takardu, a kan ƙusa a bayan ƙofa suke rataye abin da suka manta. Ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Ta sami tsohuwar kalanda, ta sami safa ƙafa ɗaya. Na ƙarshe shi ne ɗakin oba-oba, wato rediyon da sojoji ke magana da juna, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, an riga an kwashe na'urorin, sai tabon batura a ƙasa. Ta tura ƙofar ta rufe, ta juya.

Ba ƙusa a bayan ƙofar. Rubutu ne, tun daga sama har ƙasa, ƙanana ƙanana, layi a kan layi kamar tururuwa sun yi sahu. Ta matso. Kwanan wata, lokaci, sannan abin da ya faru. An kawo hari ta gabas, mun mayar da su. Jirgi marar matuƙi ya wuce, bai saki komai ba. Mutanen ƙauyen tsallake sun gama wucewa, da awakinsu. Mai girki ya sake ƙona shinkafa, an ce laifin abokan gaba ne. Daga sama da biro aka fara, sai ya koma fensir, sai gawayi, can ƙasa kuma da ƙusa aka kankara. A tsakiya akwai wani fili, faɗinsa kamar tafin hannu, ba a rubuta komai a ciki ba.

Aka turo ƙofar har ta kusa buge mata hanci. Wani gajeren kofur ne, kakkaura, da ƙarfen ɓamɓare ƙusa a hannu.

"Sannu Saja. A ɗan matsa, zan cire ta."

"Ka kai ta ina?"

"Wuta."

"Wa ya rubuta wannan?"

Kofur ya jingine ƙarfen da bango. Ya ce shi ne mai oba-oba, su biyu ne da abokin aikinsa da ake ce wa Dogo. Da ruwa ya ci littattafai, Dogo ya ce shi ba zai iya karɓar saƙo bai rubuta ba, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Ya duba ɗakin, ƙofar ce kaɗai busasshiya, sai ya fara daga can ƙololuwa.

"Don mugunta ya fara daga sama, Saja, ya san ba na kaiwa. Ya ce in ina da labari in faɗa masa daga ƙasa, shi zai isar."

"Wannan filin fa?"

Kofur ya kalli filin, ya ɗauke kai.

"Nan ya tsaya. Ya fita gyaran eriya, aka same shi. Ni kuma na ci gaba daga inda hannuna ke kaiwa. Da na hau batir zan iya cike wurin, amma na ga gara a bar masa."

Daga nan sauran sojoji suka gane abin da ake yi, kowa ya riƙa leƙowa yana cewa a rubuta kaza. Sunayen waɗanda suka rasu suna nan, da ranar, da wurin da suka faɗi. Har jaririyar da aka haifa a kan gada tana nan.

"To me ya sa za ka ƙone ta?"

"Akwai lambobin layinmu na rediyo a jiki, da kalmomin sirri. Kyaftin ya ce ba za a bar wa abokan gaba ba, kuma gaskiyarsa. Ni na roƙa a bar ni in kai ta da hannuna. Ban so wani ya ja ta a ƙasa."

"Kofur, ka ba ni ɗan lokaci. Kada ka taɓa ta."

"Ke ce mai igiya uku."

Ta fara gwada hoto da wayarta. Biron ya fito, fensir ya fito rabi da rabi, gawayin ya zama inuwa, kankarar ƙusa kuwa ko alama. Ta hau kan tudun buhunan yashi inda ake samun layi, ta kira Manjo, ta zayyana masa komai.

"Madalla," in ji Manjo. "Za ta shiga akwati?"

"Yallaɓai, ƙofa ce."

"To kaya ne." Ta ji yana huci, ta san abin ya taɓa shi yana neman mafita. "Saja, babu zarto a wurin? Ki auna akwatin, a yayyanka ta daidai, ki ba kowane yanki lamba."

"Zarto zai ci layuka, yallaɓai. Zai bi ta kan sunayen mutane."

"To ni dai kin san kantocina," ya ce, sai layi ya yanke. Ba ta sake kira ba.

Ta sami Kyaftin a bakin mota yana duba lodi. Ta ƙame ta sara masa, ta ce ƙofar nan ita ce littafin rundunarsa, babu wani.

"Na sani, Saja. Na fi ki sanin ƙofar nan."

"A bar ni in tafi da ita."

"A bisa wace doka? A takardar barin sansani, ƙofa katako ce. Katako mai kalmomin sirri wuta ake sa masa. Ki ɗauki hoto."

"Na ɗauka. Hoton rijiya ba ya kashe ƙishirwa, yallaɓai. Rabin rubutun bai fito ba. Kuma a wurinmu hoton da ba shi da uwa, wato asalin takardar, ba shaida ba ne, kowa na iya cewa ƙirƙira aka yi."

"Ko na yarda, dubi motocin nan. Ina za ta shiga? Mutanena a kan juna za su zauna." Ya murza ido. "Ban rasa mutum ko ɗaya don na karya doka ba, ba kuma zan fara karya ta a ranar ƙarshe ba. Kafin la'asar ta shiga wuta."

Ta koma ɗakin oba-oba ta zauna a kan akwatin kwalinta. Kofur na tsaye a waje, ya ba ta baya don kada ta ji kunya. Ta buɗe jaka neman ruwa, hannunta ya faɗa kan hatimi. Ta fito da shi tana jujjuyawa. Ai ita ma tana da doka, kuma a littafi ɗaya aka rubuta da ta Kyaftin. Duk abin da ma'ajin tarihi ya ba lamba ya buga wa hatimi ya zama takardar soja. Takardar soja ba a ƙone ta sai ma'ajin ya sa hannu. Idan kuma ta sirri ce, a rufe ake ɗaukar ta, da masu gadi. Ba a taɓa cewa dole takardar ta zama ta takarda ba, don ba wanda ya taɓa tunanin za a tambaya.

Ta san abin da hakan ke nufi. Saja ce za ta sha gaban kyaftin a cikin sansaninsa, a gaban mutanensa. An cire wa mutane igiya a kan abin da bai kai wannan ba. Ta tuna igiyoyin nan uku, yadda Inna ta ɗinka mata su da hannunta tana cewa tela ba zai iya ba. Ta kuma tuna ƙasar da ta zubo daga fayil.

"Kofur, ka roƙi Kyaftin ya zo, in ji ni, da girmamawa."

Ya zo, wasu sojoji suka biyo shi suka yi cirko-cirko a bakin ɗakin.

"Yallaɓai, zan yi wani abu, na fi so in yi a gabanka don kada a ce na yi a bayan idonka."

Ta buɗe tawada, ta danna hatimi, ta ɗaga hannu tana neman wuri. Duk ƙofar babu sarari sai filin nan na tsakiya.

"Ba nan ba, Saja," in ji Kofur a hankali.

"Na sani."

Ta buɗe ƙofar ta buga a kaurinta, a gefen da makulli yake. Ta rubuta lamba a ƙasa, ta rubuta "sirri", ta sa kwanan wata. Sannan ta ƙame.

"Yallaɓai, wannan takardar soja ce yanzu. Ba a ƙone ta sai da sa hannuna, kuma ba zan sa ba."

 Kyaftin ya dube ta, ya dubi hatimin. Ya sunkuya ya karanta lambar kamar mai neman kuskure. Da ya ɗago, idonsa ya sauka a kan wani layin gawayi, ya tsaya a kai.

"Wa ya rubuta cewa Kyaftin ya ba mai jego bargonsa, yanzu yana yawo cikin buhu kamar dankali?"

"Labari ne ya zo, yallaɓai, na rubuta," in ji Kofur. "Ba na tace saƙo."

Wani ya yi dariya a baya ya maƙe. Kyaftin ya share fuska da tafin hannu, ya daɗe bai sauke ba.

"Saja, kin san dole in rubuta rahoto a kanki."

"Ka rubuta, yallaɓai. Wurina zai zo, zan ajiye shi da kyau."

"Me dokar ta ce game da ɗaukar takardar sirri?"

"A rufe, da masu gadi."

"Masu gadi nawa?"

"Ba ta faɗa ba."

"To ba zan yi ganganci da takardar sirri ba," in ji Kyaftin, murya a dake, amma kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa kaya. "Mota guda za ta yi gadinta. Wurin ajiyewa ne dai babu."

"Akwai cinyoyinmu, yallaɓai," in ji wani daga baya.

Kofur ya ɗauko ƙarfensa zai ɓamɓare, Saja ta riƙe masa hannu. Ta zaro sukudireba mai jan mariƙi ta miƙa masa. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sai da aka ɗiga musu man bindiga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gumi, na saman kuma dole ya hau akwati, aka yi ta tsokanarsa cewa Dogo na kallo. Da ƙofar ta saki, hannuwa suka tare ta kafin ta taɓa ƙasa. Aka naɗe ta da bargo, aka ƙara tamfol, aka ɗaure. Suka ratsa fili da ita a kafaɗa, suka wuce ramin wuta ba wanda ya waiwaya.

Haka ta yi tafiyar, a kwance bisa gwiwoyin sojoji sahu biyu masu fuskantar juna. Idan mota ta faɗa rami sai su ɗaga ta gaba ɗaya, su bar ƙashin bayansu ya sha dukan. Da aka yi yayyafi, riguna suka tuɓe suka ƙara mata. Saja na zaune a ƙarshe, akwatunan kwalinta a ninke ƙarƙashin ƙafa, hannunta ɗaya a kan tamfol. Ba ta taɓa jin kakin jikinta ya zauna mata daidai kamar ranar ba.

Manjo na tsaye a bakin matakala sa'ad da aka sauko da ita. Ya dubi abin, ya dubi Saja.

"Na ce akwati."

"Takarda ce, yallaɓai. Ga lambarta."

Ya sa aka jingine ta da bango aka kwance. Ya ɗora tabarau, yana shirin faɗa, sai ya fara karantawa. Ya karanta na sama yana ɗage, ya karanta na tsakiya, ya zo kan filin ya tsaya, ya dubi Kofur, bai tambaya ba. Sannan tsohon nan da gwiwa ke damunsa ya durƙusa a kan siminti yana bin kankarar ƙusa da ɗan yatsa. Da ya gama sai da aka kama shi ya miƙe.

"Wa ya ce a sa wa wannan zarto?"



"Maganata tana nan," in ji Manjo, yana goge tabarau da gefen riga. "Abin da bai shiga akwati ba, ba tarihi ba ne. Saja, ba mijinki kafinta ba ne? A kira shi ya auna."

Baban yara ya zo da tef ɗinsa a aljihu da fensir a kunne. Ya auna, ya sake aunawa, ya ƙera akwati na busasshen katako daidai ƙofar, ya shafe cikinsa da maganin gara, ya yi masa fenti ruwan toka irin na sauran. Da ya zo karɓar sukudirebarsa ya ga bakinta ya lanƙwashe, sai ya ce, "Ashe dai an sami abin kwancewa." Manjo da kansa ya cire kanta guda don a sami wuri. Rahoton Kyaftin ya iso daga baya, layi kaɗan ne, ya ce Saja ta bi doka har ta ba shi haushi. Ta ba shi lamba ta sa a akwati.

Bayan an canza kalmomin sirrin rediyo, aka cire wa ƙofar takunkumi. Wata rana da safe Saja na kakkaɓe wasu taswirori, aka ce tana da baƙi. Wata mata ce siririya, riƙe da hannun yarinya mai dogayen ƙafafu. Ba sai an gaya wa Saja ko 'yar wace ce ba. Matar ta ce ita ce matar wanda ake ce wa Dogo, ba wani abu take nema ba, so take kawai a gaya musu a ina, kuma yaya.

 Saja ta ce su zauna. Ta kira mutum biyu aka buɗe akwatin, za su bar ƙofar a kwance yadda aka saba, ta ce a'a, a tsayar da ita. Ta nuna wa matar layin Kofur na farko a ƙasan filin, inda ya rubuta ranar da wurin, da cewa eriyar da Dogo ya gyara ita ta kira musu agaji. Matar ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ɗaga kai ta ga rubutun sama, ta rufe baki da mayafi.

"Hannunsa ne. Haka yake jan wutsiyar harafi."

Yarinyar ta ɗage har ta kusa faɗuwa ta baya.

"Babana ne ya rubuta can?"

"Shi ne," in ji Saja.

"A kan me ya hau?"

"Bai hau komai ba. A tsaye yake."

Yarinyar ta yi ɗage ta miƙa hannu iya ƙarfinta, yatsunta ko filin ba su kai ba. Ta sauke, ta dubi uwarta, ta ce, "Zan kai."

Da Saja ta koma gida ta ba Inna labari, Inna ta ce gobe a kai ta ta gani. Ta je, ta sauka matakalar tana dafa bango, ta tsaya gaban ƙofar ta daɗe. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta kuma ce a karanta mata ba. Da za su fito ta shafa igiyoyin hannun 'yarta, ta ce ɗinkin ya fara saki, a kawo mata rigar ta gyara.

Kyaftin ya zama manjo, an ce yanzu yana barci. Kofur ya bar soja ya buɗe shagon gyaran rediyo, duk shekara yana zuwa ya duba ƙofar ya koma. Matar Dogo ta rene 'yarta, yarinyar ta yi tsawo har ta wuce uwarta. Tsohon Manjo ya yi ritaya bai janye maganarsa ba. Baban yara ya sayi sabuwar sukudireba. Inna ta tsufa a ɗakinta cikin jikoki. Saja ta gaji kujerar Manjo, tana nan a ƙarƙashin bene, ƙofar kuma tana cikin akwatinta, gara ba ta taɓa ta ba.